Dariya Ba Ta Maido da Kuɗi: Nasiha Kan Ƴan Damfarar Waya

 Da ku nake, mutanen Sarkin Hausa da Mayahi da Kanambakashe da Isawan, da na Tasawa da Maijirgi da Korgom da Urafan, har da waɗanda neman abinci ya kai Kano ko Legas ko Agadas ko Libiya. Magana nake so mu yi a kan salular nan da ke aljihunku, da baƙuwar muryar da takan fito daga cikinta tana neman abin hannunku. Na san ba baƙon labari ba ne a wurinku. Kun san ƴan damfarar waya, har kwaikwayonsu kuke yi a majalisa ana tuntsira dariya. Dariyar ce ma ta sa na ɗauki alƙalami. Na lura shekara da shekaru ana dariya, ana kuma asara, kuma dariyar ba ta rage asarar ba. Ku ba ni aron kunnuwanku mu duba dalili.

Bari in fara kai ku nesa, domin wani lokaci mutum ya fi ganin ciwonsa a jikin wani. A Amurka, in ka sayi sabuwar mota kamfani yakan ba ka garanti, wato alkawarin cewa in wani abu ya lalace cikin shekarun farko shi zai gyara. In wa'adin ya cika, akwai masu sayar da ƙarin garanti, wasunsu na gaskiya ne. Ta wannan ƙofa ƴan damfara suka shiga. Sai su naɗi murya guda su ɗora wa kwamfuta, ita kuma ta yi ta buga lambobin jama'a ba gajiya. Kana ɗauka sai ka ji murya cikin ladabi tana cewa an daɗe ana neman ka game da garantin motarka da ke gab da ƙarewa, wannan ne kira na ƙarshe, ka latsa lamba kaza. In ka latsa, sai a haɗa ka da wani mai zaƙin baki da zai nuna maka kamar daga kamfanin motar yake, ya karɓi lambar katin bankinka, ya sayar maka da takardar da sai ranar da mota ta tsaya za ka gane ba ta ɗauke maka nauyin komai ba sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Yawan kiran ya wuce hankali. Hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta gano cewa gungu guda, wanda ke fakewa da sunayen kamfanoni irin su Sumco Panama, ya buga kira sama da biliyan 5 zuwa lambobi sama da miliyan 500 cikin wata uku kacal a 2021. In aka raba, kowane mutum a ƙasar zai tashi da kira wajen 15. Sun yi amfani da lambobin bogi sama da miliyan ɗaya don mai ɗauka ya zaci maƙwabcinsa ne ko wani na kusa. Har lambobin asibitoci suka ara a lokacin annobar korona, mutane suka riƙa kiran asibitocin suna faɗa, layukan marasa lafiya suka cushe. Mai mota sun kira shi, wanda bai taɓa mallakar ko keke ba sun kira shi, yaro ɗan makaranta ma bai tsira ba.

Da abin ya ishi Amurkawa sai suka mai da shi abin barkwanci. Za ka ga an zana mutumin da jirgin ruwa ya nutse da shi, ya maƙale a tsibiri shi kaɗai, igiyar ruwa ta kawo masa kwalba da takarda a ciki, ya buɗe da rawar jiki yana zaton ceto ya zo, sai ya tarar an rubuta cewa ana neman sa game da garantin motarsa. Za ka ga ɗan sama jannati ya sauka a duniyar wata, saƙon farko da ya tarar shi ne wannan. Wasu suka riƙa ɓoye ƴar takarda mai ɗauke da jimlar a cikin bango ko ƙarƙashin dutse don wanda zai tsinta wata rana. Jimlar ta zama karin maganarsu, yaro da babba kowa ya haddace.

To amma ga abin lura. Tun 2009 hukumomin ƙasar suka fara kai irin waɗannan masu kira kotu, aka yi shekaru sama da goma ana kira, barkwanci ya cika gari, kiran bai tsaya ba. Wanda ke buga kira biliyan 5 ba ya jin kunyar dariyar kowa, domin ba masu dariyar yake nema ba. Tsohuwar da ke zaune ita kaɗai yake nema, da magidancin da ke tsoron mota ta lalace masa ba shi da kuɗin gyara. Abin da ya karya lagon gungun shi ne ƙorafin da jama'a suka yi ta kaiwa a rubuce, har kiran garanti ya zama kan gaba cikin abin da ake kai wa hukumar kuka a kai, da binciken da ya bi sawun kiran har tushensa. A watan Yulin 2022 hukumar ta umarci kamfanonin waya su daina ɗaukar kiran wannan gungu, babban lauyan jihar Ohayo kuma ya maka su a kotu. Hukumar ta ce bayan haka irin wannan kira ya ragu da kashi 99 cikin 100. A watan Agustan 2023 aka ci su tarar kusan dalar Amurka miliyan 300. Ku riƙe wannan, za mu bukace shi a gaba.

Yanzu mu dawo gida Nijar. A Sarkin Hausa ba mai kiran ka kan garantin mota, domin ya san amalanke da babur ne sufurin mafi yawanmu. Ɗan damfara yakan duba abin da mutane ke jira, ya shigo ta nan. Mu kuwa me muke jira? Muna jiran saƙon ɗan da ya tafi cin rani. Da an gama girbin gero da wake, an ɗaure damma an zuba a rumbu, samari sai su kama hanya, wasu Najeriya, wasu Aljeriya da Libiya, wasu wuraren haƙar zinariya na arewa tun da aka gano ta Jado a 2014. Abin da suka samu ta waya yake isowa, ta Airtel Money ko Moov Money ko Zamani Cash, ko a karɓa a ofisoshin Nita da Amana da Al Izza. Muna kuma jiran tallafi. Tun 2008 ƙungiyar Save the Children ta raba wa gidaje marasa ƙarfi tsabar kuɗi a yankin Tasawa, daga baya gwamnati ta kawo nata shirin da aka riƙa ba gida jika 10 duk wata. Saboda haka in aka ce mana kuɗi na tafe, kunnenmu ya saba da jin haka, kuma sau da yawa ya tabbata. Rigar wannan gaskiya ɗan damfara yake arowa ya sa.

Rigunan nasa kuwa suna da yawa. Akwai mai albishir: "Alhaji, barka da arziki. Daga kamfanin waya muke kira, layinka ya ci miliyan biyu da babur. Sai dai a biya kuɗin takardu kafin a rufe ofis." Akwai mai kuskure, wanda zai fara aiko maka da saƙo mai kama da na shigowar kuɗi, sannan ya kira yana marairaicewa: "Malam, don girman Allah, kuɗin maganin mahaifiyata ne na tura maka bisa kuskure, ka taimaka ka maido." In ka duba da kyau za ka ga saƙon daga lambar mutum ya fito, ba daga kamfani ba, kuma ko tamma ba ta ƙaru a asusunka ba. Akwai mai rajista, wanda zai ce sunanki ya fito cikin matan da wata ƙungiya za ta tallafa wa, ko an ware maka taki mai rahusa, ko wani attajiri ya ba da kujerun Makka, abin da ya rage kuɗin cike takarda ne kawai. Akwai wanda zai ce za a rufe maka layi ko asusu yau ɗin nan sai ka karanto masa lambobin da suka shigo wayarka. Akwai mai kiran tsakar dare da maƙaƙƙiyar murya, ya ce shi sarkin aljanu ne ko wani waliyyi, an zaɓe ka za a ba ka dukiya, ka aiko da kuɗin turare da na sadaka, in ka faɗa wa wani kuma ka haukace.

Mafi muninsu shi ne mai mugun labari. Shi ba kwaɗayinka yake nema ba, ƙaunarka ga ɗanka yake kamawa. "Baba, kai ne mahaifin wane? Mota ta faɗi da su a hanyar Agadas, yana likita, an ce ba za a taɓa shi ba sai an ajiye kuɗi." Ko ya ce an tsare shi a kan iyaka. Wani lokaci har a sa maka wani yana nishi a gefe. Wane uba ne zai ji haka hankalinsa ya zauna wuri ɗaya?

Wata ranar kasuwa ina zaune a rumfar wani yaro mai cajin waya da tura kuɗi, sai ga wani dattijo ya shigo da sauri, gumi ya jiƙa masa wuyan riga, igiyar akuya na naɗe a hannunsa na hagu, waya na manne a kunnensa. Ya zaro kuɗi a dunƙule daga aljihun ciki ya ajiye a kan tebur, jika 25, ya fara karanto lamba yana maimaita abin da ake faɗa masa. Yaron ya ce, "Baba, wa za a tura wa?" Ya ce, "Yaro, ka tura kawai, an ce kada in tsaya magana da kowa." Yaron ya sake cewa, "Baba, ka yi haƙuri, ka san mutumin?" Dattijo ya rufe bakin wayar da tafin hannu ya ce a hankali, "Kyauta na ci. In ban biya kafin azahar ba wani za a ba." Yaron ya miƙa hannu cikin ladabi ya ce, "Ba ni shi mu gaisa." Yana yin sallama ya tambayi a wane ofis suke, sai ƙit, aka kashe. Aka sake kira, layi a rufe.

Allah ya yi wa wannan yaro albarka, ya tsare wa bawan Allah kuɗin jar akuyarsa. Amma abin da ya biyo baya shi ya tsaya mini a rai. Samarin da ke zaune kan benci suka fashe da dariya. Wani ya ce, "Baba, ina babur ɗin, a ɗan ɗana mu?" Dattijo bai ce uffan ba. Ya tattara kuɗinsa, ya sunkuyar da kai, ya fita. Ba wanda ya rubuta lambar da ta kira shi. Ba wanda ya tambaye shi yadda aka san sunansa. Kuma ina da yaƙinin ko iyalinsa bai faɗa wa ba, balle ya gargaɗi maƙwabcinsa, wanda wataƙila shi ne na gaba a jerin sunaye.

Ku duba duk waɗannan dabaru, za ku ga abu biyu ba sa rabuwa da su: gaggawa da sirri. Kullum lokaci ya kusa ƙurewa, kullum kuma kada ka faɗa wa kowa, kada ma ka kashe waya. Dalili shi ne ƙaryarsa ba ta jure tambaya ɗaya daga mutum na biyu, ba ta kuma jure kwana ɗaya. Ba ya bukatar ya fi ka wayo, ya dai hana ka lokacin tunani. Ba ya kuma damuwa in mutum ɗari sun zage shi sun kashe waya. Aikinsa kamar na mai yafa riɗi ne, ba ya ƙirga ƙwayar da ta faɗi kan fako, wadda ta sami danshi ta ishe shi. Danshin kuwa kowa yana da ranarsa: ranar da rumbu ya yi ƙasa, ranar da bashi ya matsa, ranar da ɗa ya yi sati biyu ba a ji ɗuriyarsa ba.

Mu ma muna da namu barkwancin, kuma wani yana da daɗin ji. Ana yawo da muryoyi a WhatsApp na waɗanda suka juya ƴan damfara. Wani aka ce masa ya ci mota, ya ce, "Madalla, ku cire kuɗin takardun daga ciki, ku aiko mini da ragowar." Wani aka ce za a rufe masa asusun banki, ya ce shi asusunsa rumbu ne, mabuɗin yana hannun uwargida. Wani kuma sarkin aljanu ya kira shi, ya ce, "Ranka ya daɗe, kai da ka san gaibu, faɗa mini da me na yi kalaci." Ban hana ku dariya ba. Akwai alheri a ciki, domin wanda ya ji labarin cikin raha ya fi saurin tuna shi, kuma dabarar da aka yi wa dariya a bainar jama'a ta rage kaifi. Sai dai dariyar nan tana da illa uku da nake so ku sani.

Ta farko ita ce wadda kuka gani a rumfar nan. Idan dariya ta tashi daga kan ɓarawo ta koma kan wanda aka zalunta, to an taya ɓarawo aiki. Mace ta tura kuɗin adashenta, tana tsoron gorin kishiya da faɗan maigida, sai ta haɗiye. Magidanci ya tura kuɗin iri, yana tsoron a mai da shi abin kwatance a majalisa, sai ya ce ɓacewa suka yi. Wannan shiru shi ne garkuwar ɗan damfara. Lamba guda sai ta ci gida goma a gari ɗaya, kowane gida yana zaton shi kaɗai ne.

Ta biyu, dariya takan sa mutum ya ɗauka shi ya wuce a cuce shi. Mai yi wa tsoho dariya don ya yarda da aljani, shi ne gobe za a zo wa da maganar zuba jari a waya, a ce kuɗinsa zai ninka cikin wata guda. Waɗanda harkar zuba jari ta MMM ta tafi da dukiyarsu a Najeriya a ƙarshen 2016, da waɗanda ta CBEX ta rufta da su a watan Afrilun 2025, akwai masu digiri da ma'aikata da manyan ƴan kasuwa a cikinsu. Kowa da irin ƙofarsa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Ta uku, tsayawa jan zance da ɗan damfara don a naɗi abin dariya yana da haɗari. Ka tabbatar masa layinka na aiki, ka ba shi muryarka, wataƙila cikin raha ka ambaci garinku ko sana'arka ko sunan wani naka. Yanzu kuwa akwai manhajojin da ke kwaikwayon muryar mutum daga ɗan guntun abin da aka naɗa. Abin ya kai ga a watan Fabrairun 2024 hukumar nan ta Amurka ta sa irin wannan murya cikin kiran na'ura da doka ta hana. Abin da ya isa can yana hanyar isowa nan. Rana na zuwa da uwa za ta ji muryar da ta rantse ta ɗanta ce, alhali na'ura ce ke magana.

To mene ne abin yi? Ga abin da nake roƙon ku riƙe, ku kuma koya wa na gida.

Duk kiran da ya haɗa kuɗi da gaggawa, kashe wayar, sannan kai ka kira. Ka kira ɗan naka ta lambar da ka sani. In ba ta shiga, ka kira abokin tafiyarsa ko maigidan da ya sauke shi. Saboda haka, kai mai shirin cin rani, kada ka bar gida sai ka bar wa iyayenka lambar mutum biyu da za ku zauna tare. Ku kuma ajiye wata tambaya ta cikin gida wadda bare ba zai san amsarta ba, kamar sunan da kaka ke kiran ka da shi. Addininmu ma ya hore mu, a cikin Suratul Hujurat, da bincika labari kafin a yi aiki da shi, don kada a yi abin da za a dawo ana nadama.

Lambar sirrinka taka ce kai kaɗai. Ma'aikacin gaskiya, na kamfanin waya ne ko na banki, ba ya neman ta. Haka lambobin da kan shigo ta saƙo, irin guda shidan nan na WhatsApp. Wanda ya karɓe su ya karɓe gidanka na waya, zai shiga da sunanka da hotonka yana roƙon ƴan uwanka rance. In karatu ya yi maka wuya, ka zaɓi mutum ɗaya amintacce a cikin gida ya riƙa duba maka, kada ka riƙa karanto lambar sirri da ƙarfi a tsakiyar kasuwa.

Ba a sayen kyauta. Gasar da ba ka shiga ba, ba ka ci ta ba. Tallafin gaskiya ta hannun mai gari da ofishin magajin gari da kwamitin da kowa ya sani yake biyowa, a bainar jama'a, da rana tsaka. Duk wanda ya ce ka biya kafin a ba ka, ko ya ce ka ɓoye, ka san inda ya dosa. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

In an ce an turo maka kuɗi bisa kuskure, kada ka dogara da saƙon. Ka duba abin da ke cikin asusunka da kanka. In da gaske sun shigo, haƙƙin mai su ne, amma ku bi ta ofishin kamfanin a mayar, don kowa ya sami shaida.

Kada ka ara wa kowa katin shaidarka ya yi rajistar layi. Tun ƙarshen 2013 aka rufe layuka sama da miliyan ɗaya a Nijar saboda rashin rajista, don kowane layi ya zama da mai shi. Ɗan damfara ya san haka, shi ya sa yake neman sunan wani ya fake. In aka yi ta'asa da layin, ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa.

In kuwa ƙaddara ta riga fata ka tura, kada kunya ta cinye maka awannin farko. Ka ruga wurin da ka tura ka sanar da su, domin wani lokaci akan iya tsayar da kuɗin kafin a cire. Ka adana lambar, da saƙon, da takardar shaidar turawa. Ka kai ƙara wurin jandarmomi ko ƴan sanda a Mayahi ko Tasawa. Nijar tana da doka mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yulin 2019 kan laifuffukan da ake aikatawa ta hanyoyin sadarwa na zamani, akwai kuma hukumar ARCEP da ke sa ido kan kamfanonin waya. Ba zan yi muku alkawarin kowane kuɗi zai dawo ba. Amma ku tuna abin da na ce ku riƙe: a Amurka ƙorafin da aka tara ne ya rufe layin. Hukuma ba ta bin sawun lambar da ba a kai mata ba.

Ku masu rumfunan tura kuɗi, ku ne shinge na ƙarshe. In kun ga mutum da waya a kunne, hannu na rawa, ana karanto masa lamba, ku tambaye shi cikin girmamawa, ku ja shi gefe inda ba mai ji. Ladan ciniki ɗaya da za ku rasa bai kai albarkar da za ku samu ba. Ku limamai da masu gari da ma'aikatan gidajen rediyon karkara, in sabuwar dabara ta shigo gari ku sanar bayan sallar Juma'a da wurin suna da ɗaurin aure, ku faɗi dabarar, ku sakaya sunan wanda ta faɗa wa.

Akwai kuma maganar da ba zan tsallake ba. Mai kiran nan da ya san sunan ɗanka da garin da ya tafi, wani ne ya ba shi, domin da ɗan gari akan ci gari. Kuma Hausar da yake yi tamu ce. Ɗana, in kai ne, ko abokai suna jan ka zuwa wannan hanya suna kiran ta wayo, ka ji tsoron Allah. Abin da kake karɓa kuɗin akuyar marainiya ne, kuɗin awon gidan da ke kwana da yunwa ne. Rashin ganin fuskar wanda ka cuta bai rage komai daga haƙƙinsa ba, kuma haƙƙin bawa ba ya faɗuwa sai an mayar ko ya yafe. Talauci gaskiya ne, rashin aikin yi gaskiya ne, amma wanda ka kira ɗin ma su yake fama da su. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Ka tuba tun da sauran dama, ka mayar da abin da za ka iya mayarwa.

Kai kuma da Allah ya ba karatu da sanin waya, ilminka amana ce. Kada ka tsaya kan tura muryoyin ban dariya. Yau ɗin nan ka zauna da mahaifiyarka da mahaifinka da gwaggonka, ka bayyana musu dabarun nan ɗaya bayan ɗaya da harshen da za su gane, ka ce musu duk wanda ya kira kan kuɗi su ce sai sun yi shawara da kai. In wani ya zo maka da labarin an cuce shi, fara da jaje, ka taya shi rubuta lambar, ka raka shi inda zai kai ƙara. Wanda ya fito ya faɗi abin da ya same shi ya yi wa gari hidima, godiya ta kamace shi.

Allah ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, ya ba mu wadatar zuci, ya dawo da matafiyanmu gida lafiya, ya mayar wa waɗanda aka zalunta da mafificin alheri, ya shiryi masu wannan sana'a. Amin.